Gyaran tsohuwar lori: A ɓoye dalma, amma kada a ɗaura ƙafa babu awo

Duk wanda ya saba zama a tashar manyan motoci ta Bawku ranar kasuwa ya san irin taruwar da ake yi idan tsohuwar lori ta dawo daga gyara a Kumasi. Yaran mota kan bar lodi su zo kallo, 'yan kamasho su yi ta zagaya ta, mai ita kuwa yana gefe yana karɓar barka. An sake bodi, an yi fenti, an rubuta addu'a a goshinta, ƙafafun nan shida an kankare tsatsarsu an shafe su da fari har suna ɗaukar ido. Abin da ba a cika tambaya ba a ranar shi ne, ko an auna nauyin ƙafafun kafin a ɗaura su.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne kukan da wani ɗan kasuwar albasa ya kawo mana ta waya a shirin 'yan kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyonmu. Wannan bawan Allah ya gaji lorin mahaifinsa, wadda ta shekara da shekaru a jingine a bayan gida. Ya tattara ribar kaka biyu ya kai ta aka tayar da ita. Da aka zo ɗaura tayoyi, mai faci ya ba shi shawara a kai ƙafafun gaba wurin na'ura a maƙala masu dalma, shi kuma ya ƙi. A ganinsa guntayen dalma masu ruwan toka a bakin farin wili kamar ƙuda ne a cikin nono, kuma ko an sa, gargadar hanya za ta zubar da su kafin wata ya ƙare. Motar ta hau titi. Idan tana ƙasa da kilomita 60 a awa, lafiya lau take tafiya. Da ta haura 70 sai sitiyari ya kama rawa a hannun direba. Kafin a je ko'ina, sababbin tayoyin gaba sun cinye rami-rami, kuɗin da ya kamata ya koma jari ya tafi wurin sayen wasu. Tambayarsa gare mu ita ce: shin akwai yadda za a daidaita ƙafar ƙarfe ba tare da an ga dalmar daga waje ba?

Amsa ita ce akwai, har hanya huɗu. Amma kafin mu zo kansu, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake awon dominsa, don kada a yaudare shi da aikin da bai kai ba.

Darasin mangala

Kakanninmu fatake da suka yi ta bin hanyar Gwanja daga Kano, su ratsa Sansanne Mango da Yendi su sauka Salaga sayen goro, sun san wannan ilimi tun babu mota. Idan aka ɗora wa jaki mangala, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ba a yin nisa kaya zai karkace, bayan jaki ya yi gyambo, ayari ya tsaya. Maganin shi ne a rage nan a ƙara can, in ta kama a jefa ɗan dutse a gefen da ya yi sauƙi. Babu wanda ke ganin dutsen daga waje, amma jaki ya san da shi.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wancan ciniki zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran garuruwa, daga baya lori ta karɓi aikin jaki, amma hanyoyin suna nan kusan inda suke. Doyar Salaga da Kpandai da Bimbilla tana bi ta Makango a tsallaka tafkin Volta da jirgin fito zuwa Yeji, ko kuma ta bi ta Tamale. Daga Yendi ana fita ta Zabzugu zuwa Tatale a bakin iyakar Togo. Daga Bawku kuwa ana shiga Burkina Faso ta Kulungugu, a shiga Togo ta Pulimakom zuwa Sinkase. Babbar hanyar gabas, wato N2, ita ce ta haɗa Yendi da Bawku ta Gushegu da Nakpanduri. A irin waɗannan hanyoyi direba kan sami kwalta mai santsi, can ya faɗa jar ƙasa mai gargada, ya sake dawowa kwalta, duk a yini ɗaya. Gargada da ramuka su ne ke lanƙwasa wili su kakkaɓe dalma, kwalta kuma ita ce ke tona asirin ƙafar da ba ta daidaita ba, domin a can ne ake taka mota.

Me ke sa ƙafa rawa?

Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta nauyinta daidai wa daida ko ta ina. Haka shi ma wili. Idan aka haɗa su, ga tif, ga bawul, wani lokaci ga babban faci a ciki, dole wani gefe ya ɗara wani. Wannan ɗan bambanci ba ya nuna kansa idan mota na tafiyar hawainiya. Amma yayin da ƙafa ke juyawa, gefen mai nauyi yana fizgar ta waje, kuma ƙarfin fizgar ba ya ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan aka ninka gudu sau biyu, fizgar kan ninku sau huɗu.

Bari mu yi lissafi da babbar taya mai lamba 11R22.5, irin ta tireloli. Tsayinta ya ɗan wuce mita ɗaya, juyinta ɗaya kuma yana cin kimanin mita 3.3 na titi. A gudun kilomita 80 a awa, tana juyawa kusan sau 400 a minti ɗaya. A ce gefe ɗaya na bakin tayar ya fi sauran da giram 200, wato nauyin albasa biyu matsakaita. A gudun kilomita 40, fizgar ba ta wuce ta kilo 5 ba. A gudun 80 kuwa ta kai kusan kilo 19, kamar a ce an ɗaure wa ƙafar galan ɗin Kufuor cike da ruwa, yana ɗaga ta sama yana maka ta da ƙasa sau 400 a kowane minti. Tsakanin Tamale da Yendi, tafiyar kimanin kilomita 100, wannan duka zai sauka wajen sau dubu 30. Wanda ke shan dukan shi ne boris, da kinfin, da tayirod, da sifirin, da ita kanta tayar, da kuma hannun direba da ke riƙe da sitiyari tun asuba.

Rashin daidaiton iri biyu ne. Na farko shi ne wanda nauyi ya taru a wuri ɗaya a zagayen ƙafa, yana sa ta tsalle sama da ƙasa. Na biyu shi ne wanda nauyi ya karkata, wani a fuskar ciki wani a fuskar waje, yana sa ƙafa lilo hagu da dama. Na'urar balansin ta zamani tana auna duka biyun, shi ya sa takan nemi a sa dalma ciki da waje. Abin da ya kamata mai tsohuwar lori ya sani shi ne, ƙafa doguwa siririya, irin ta motocin da, ciwonta galibi na farkon ne. Na biyun ya fi damun ƙafafu masu faɗi. Wannan ne ya ba da damar ɓoye dalma a tsofaffin motoci ba tare da an yi asara mai yawa ba.

Aikin da ke gaban dalma

Tsofaffin fitoci na Suame Magazine a Kumasi, inda akasarin lorin Arewa kan je a sake masu rai, sun san cewa dalma ita ce ƙarshen aiki. Duk abin da aka gyara kafin a zo kanta yana rage yawan wadda za a buƙata, kuma dalma kaɗan ta fi sauƙin ɓoyewa.

Abu na farko shi ne a duba wili tsirararsa, babu taya. A ɗaura shi a mota, a ɗaga da jak, a kafa wani ƙarfe mai tsini ko alli kusa da bakinsa, a juya a hankali. Idan bakin yana matsowa yana ja da baya, ko yana hawa yana sauka, wilin ya lanƙwashe. Idan kaucewar ta kai wajen milimita 3, babu dalmar da za ta magance ta, domin ƙafar da ba ta zagaye ba za ta yi tsalle ko da nauyinta ya daidaita. Haka kuma wilin da ya tsage a tsakanin ramukan noti, ko ramukan suka buɗe suka zama kamar ƙwai, ko tsatsa ta ci shi har ya yi laushi, wurinsa kasuwar gwangwan, komai kyan fentin da zai ɗauka. Cikin waɗanda suka tsira, a ware mafi miƙewa guda biyu a ba gaba.

Abu na biyu shi ne fenti, kuma a nan ne masu gyaran ƙawa suka fi faɗawa rami. Fuskar wili da ke manne wa dram, da wurin da noti ke zama, ba su son fenti mai kauri. Idan aka labta shi, ƙafa ba za ta zauna daidai a tsakiya ba, sa'an nan idan birki ya yi zafi fentin zai yi laushi ya matse, notin da aka ɗaure tamau jiya ya kwance yau. A waɗannan wurare shafa ɗaya mai sirantaka ta isa, wadda ba ta fi kaurin takarda ba, kuma a bari ta bushe sarai kafin a ɗaura.

Abu na uku shi ne yadda aka zaunar da taya a kan wili. Sababbin tayoyi da yawa suna zuwa da ɗigon fenti a gefensu. Ɗigo mai ruwan ɗorawa yana nuna wurin da tayar ta fi sauƙi, don haka a kan saita shi da bawul, inda wili kan fi nauyi. Jan ɗigo kuwa yana nuna inda tayar ta fi tudu, ana saita shi da alamar da wasu masu ƙera wili ke yi a wurin da ya fi kwari. Idan babu ɗigo, kamar yadda yake a yawancin tayoyin hom-yus, akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo sai gumi: idan awo ya nuna ana buƙatar dalma mai yawa, a sace iska, a juya tayar rabin zagaye a kan wili, a sake aunawa. Sau da yawa nauyin taya da na wili sukan kashe juna. Wannan wahala tana da riba, domin bakin wili ya fi bakin taya kusa da tsakiya. A ƙafar da muka yi lissafi da ita, giram 200 a bakin taya sai an sa kusan giram 370 a bakin wili kafin a biya shi.

Abu na huɗu shi ne tsabta. Laka da ta bushe a cikin wili bayan tafiyar damina, ko tsakuwa da ta maƙale, ko ruwan da kwamfuresa ta tura cikin taya, kowannensu ya isa ya ɓata awo.

Hanyoyi huɗu na ɓoyewa

Ta farko, kuma mafi sauƙi ga wilin ƙarfe, ita ce a maƙala dalma mai ƙugiya a leɓen ciki kawai, ɓangaren da ke kallon ƙarƙashin mota. Kusan kowace na'urar balansin tana da saitin da ke auna tsallen sama da ƙasa kaɗai, ta ba da nauyi ɗaya a wuri ɗaya. Mai mota ya gaya wa mai na'ura tun farko cewa haka yake so. A tabbatar ƙugiyar ta wilin ƙarfe ce kuma ta dace da kaurin leɓen, domin ta ƙaramar mota ba za ta kama leɓen lori ba, ita ce irin wadda gargada ke zubarwa. A kuma murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ga dalmar ba ta gogar tayirod ko tiyon birki. Raunin wannan hanya shi ne ba ta kashe lilon hagu da dama gaba ɗaya, don haka ta fi dacewa da siraran ƙafafu.

Ta biyu ita ce dalma mai gam, wadda ake mannawa a cikin kwarin wili, bayan farantin da ke fuska. Idan akwai wuri, ana iya manna layi ɗaya can kusa da faranti, a sa wani a leɓen ciki, ta haka a kusanci awon ciki da waje ba tare da an ga komai ba. Sai dai an fi yin ta domin wilin alminiyam mai shimfiɗaɗɗen ciki. A wilin ƙarfe sai an nemi wuri mai santsi, an goge maiƙo da ƙura ƙal, an kuma tabbatar akwai rata tsakaninta da dram. Zafi abokin gabar gam ne. Motar da ke sauko da kaya daga tsaunin Nakpanduri, ƙafar direba a kan birki, dram ɗinta kan yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya ya riƙa leƙawa bayan kowace doguwar tafiya.

Ta uku ita ce ƙwayoyin daidaito, wasu 'yan ƙananan duwatsu na gilashi ko na tangaran, kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, da ake zubawa cikin taya. Idan mota ta ɗauki gudu sukan baje a cikin tayar, girgizar da ke akwai ta tura su zuwa gefen da ya yi sauƙi. Idan aka tsaya su zubo ƙasa, a sake tashi su sake jeruwa. Amfaninsu shi ne suna bin taya yayin da take cinyewa, gargada ba ta zubar da su, ɓarawo kuma ba ya ganinsu. Masu yin su suna buga jadawalin awo a jikin leda, babbar taya ta inci 22.5 takan ci wajen giram 300. Amma suna da sharuɗɗa. Suna son busasshiyar iska, domin danshi kan dunƙule su, musamman irin masu kama da gari. Suna son ƙwayar bawul mai tacewa, in ba haka ba ɗaya ta maƙale iska ta yi ta zurara. A ƙafa mai tif, cikin tif ɗin ake ɗura su ta bawul, ba tsakanin tif da taya ba. Kuma su ma tsallen sama da ƙasa suke magancewa, ba sa miƙe wilin da ya lanƙwashe.

Ta huɗu ita ce zoben daidaito, faranti mai bututu a zagayensa, cikinsa 'yan ƙwallayen ƙarfe da mai, wanda ake sawa tsakanin dram da wili. Aikinsa ɗaya da na ƙwayoyin, amma yana wajen taya, kuma ana iya ci gaba da amfani da shi bayan an canja tayoyi. Kamfanin Centramatic na Amurka na cikin waɗanda aka sani da shi. Wahalarsa ita ce tsada, da kuma samun wanda ramukansa suka dace da notin tsohuwar mota.

Ga wanda ke tambayar wacce ta fi, shawararmu ga lorin da ke yawo tsakanin kwalta da jar ƙasa ita ce ta farko ko ta uku. Kuma ƙafafun gaba su ne farilla, domin su ke riƙe da sitiyari. A baya, inda ake haɗa taya biyu-biyu, abin da ya fi muhimmanci shi ne tsayin biyun ya zo ɗaya, iskarsu ma ɗaya, don kada ɗaya ta ɗauki kayan 'yar uwarta.

Inda babu na'ura

Ba kowane gari ne ke da na'urar da za ta ɗauki ƙafar lori ba, kuma ba kowa ne zai iya barin kasuwa ya tafi Tamale ko Bolgatanga saboda awo ba. Akwai tsohuwar dabara da fita mai haƙuri zai iya yi a gindin bishiya. A ɗaga ƙafar gaba, a sa waigi mai ƙarfi a ƙarƙashin mota, kada a dogara da jak kaɗai. A sassauta birki har ƙafa ta riƙa juyawa babu gogayya. A juya ta a sake, a bari ta tsaya da kanta, a yi alama da alli a wurin da ya zauna ƙasa. A maimaita sau uku ko huɗu. Idan kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa, nan ne mai nauyi, dalma kuma za ta tafi sama, daura da shi, a leɓen ciki. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa har ƙafa ta koma tsayawa a ko'ina ta ga dama.

Wannan dabara ba ta kai na'ura ba, amma tana da fifiko ɗaya: tana auna ƙafa tare da dram ɗinta, wanda shi ma a tsofaffin motoci yakan zo da nasa nauyin. Saboda haka a yi alama a noti ɗaya da raminsa, duk ran da aka cire ƙafar a mayar da ita yadda take. Kada a manta a mayar da saitin birki kafin a sauke mota. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 160, a sake bin notuna da sifana. A tuna kuma wasu tsofaffin motoci notin ɓangaren hagunsu a juye yake ɗauruwa.

Abubuwan da ke kashe mutane

Akwai gajerun hanyoyi da muke roƙon masu sauraronmu da masu karatu su guje masu. Kada a yi wa wili walda don a manna masa noti ko guntun ƙarfe a matsayin nauyi. Walda na raunana ƙarfen, sa'an nan idan taya na jiki, zafin kan sa roba ta fara narkewa daga ciki tana fitar da iskar gas, tayar ta fashe ko da an sace iska, wani lokaci bayan mai walda ya ajiye kayan aiki yana ganin an gama lafiya. Kada a zuba yashi ko tsakuwa a madadin ƙwayoyin daidaito, domin suna cin cikin taya. Kada a ɗura ruwa, yana sa wili tsatsa daga inda ido ba ya gani.

Yawancin tsofaffin lorinmu suna da wili mai zobe, wanda ake ɗaure bakin taya da shi. Zoben da bai zauna daidai ba, ko aka ɗauko na wani wili aka haɗa, yana iya tashi da ƙarfin da zai hallaka wanda ya sunkuya a kansa. Juya taya a kan wili da muka ambata a sama yana nufin buɗe wannan zobe da mayar da shi, saboda haka aikin gwani ne, ba na yaron da ya fara koyo jiya ba. A ba da iska cikin keji, ko a zagaye ƙafar da sarƙa, zoben na kallon ƙasa ko bango, mutane kuma su matsa gefe.

Ita kanta dalma guba ce. Tarayyar Turai ta hana amfani da ita wajen awon ƙafafun ƙananan motoci tun 2005, jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi sahu a 2010, aka koma yin nauyin da tutiya ko baƙin ƙarfe. Waɗannan sun fi dalma girma a nauyi ɗaya, don haka a lura da rata idan za a ɓoye su a ciki. Masu narka dalmar tsohon batir a cikin gida don su zuba nasu nauyin su tuna da abin da ya faru a jihar Zamfara ta Nijeriya a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a gidaje ta kashe yara fiye da 400. Guntun da ya faɗo a gareji kada a bar yara su yi wasa da shi, kuma a wanke hannu kafin a sa a kwano.

Taya kafin ado

Duk wannan awo ba shi da amfani a kan tayar da ta mutu. Dokokin hanya na Ghana da aka fitar a 2012, masu lamba L.I. 2180, sun yi magana a kan zurfin zanen taya da kuma shekarunta, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1999 aka ƙara mata ƙarfi a 2019, ta daɗe tana jan kunne a kan tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su. Sanin shekarun taya ba wuya. A gefenta akwai lambobin da suka fara da DOT, huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan aka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin ƙarshe uku ne kawai, tayar ta girmi shekarar 2000, ko da zanenta na nan kamar sabo. Wannan ya fi shafar motar da ta daɗe a jingine, domin roba na tsufa ko ba a taka ta ba, kuma tayar da ta shekara a wuri ɗaya ƙarƙashin nauyi takan baje ta gefe guda. Tayar da ke da babban faci a ciki kuwa, kada a ba ta gaba.

Mun mayar wa ɗan kasuwar albasan nan da wannan bayani a shiri na gaba. Da aka duba motarsa, sai aka tarar ɗaya daga cikin wilin gaba a lanƙwashe yake, fenti ne ya rufe aibin. Aka musanya shi, aka kankare fentin da ke wurin zaman noti, aka juya taya ɗaya a kan wilinta, abin da ya rage kuma aka biya shi da 'yar dalma a leɓen ciki. Daga waje ƙafafun suna nan fari fat kamar ranar da suka baro Kumasi, sitiyari kuma ya daina rawa. Abin da ya kashe a wannan aiki bai kai kuɗin taya ɗaya daga cikin biyun da ya yi asara ba.

Kiranmu ga Alhazai masu motoci shi ne, ranar da za a karɓo mota daga gyara, kafin a yaba fenti a tambayi masta ko an duba miƙewar wili, ko an auna ƙafafun gaba, kuma ina aka sa nauyin. Ga shugabannin tashoshi da na ƙungiyar GPRTU, zai yi kyau a riƙa tunatar da direbobi cewa rawar sitiyari ba halin tsohuwar mota ba ne da za a saba da shi. Ga 'yan kasuwa masu ɗaukar shata kuwa, albasarku da doyarku da shanunku, har da ku kanku da kan zauna a gaba kusa da direba, duk a kan ƙafafun nan biyu kuke tafiya, don haka kuna da bakin tambaya.

Allah Ya kai kowa kasuwa lafiya, Ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya, amin.